Zaƙin Baki Ba Ya Cika Batir

 Yau na ajiye labaran soyayyar da kuka saba karantawa a littattafaina, zan ba ku labarin kaina da ƙanena autan gidanmu, yadda shi ya kusa kashe sana'arsa da turancinsa, ni kuma da na zo taimako na kusa ƙarasa ta da zaƙin bakina. Na daɗe ina jin nauyin rubuta shi domin akwai laifina a ciki, to amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wataƙila wata ta karanta ta tsira da kuɗinta ko da mutuncinta.

Mu a Darmanawa muke zaune, nan kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Auta tun yana yaro ba ya barin rediyo ta zauna lafiya, sai ya kwance ta ya ga abin da yake magana a ciki, duka kam ya sha shi a wajen Hajiyarmu. Da ya girma sai ya karanci aikin lantarki a jami'a. A shekarar 2019 da aka buɗe babbar tashar wutar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a sabuwar Jami'ar Bayero, ya je ya gano ta da idonsa, ya dawo gida ko abinci ya kasa ci, sai faɗi yake, "Yaya, wallahi arziki ne yake zubo mana a ka kullum, muna gudunsa muna shiga inuwa."

Da ya gama bautar ƙasa a ƙarshen 2022, shi da abokansa biyu suka kama ɗan shago a bakin layinmu. Aikinsu haɗa wa mutane sola a gida da gyaran inbata, sannan suka ƙera wani ɗan akwati nasu na kansu da ake maƙalawa a bango, yana nuna yawan wutar da ta rage a cikin batir. A lokacin kullum bakinsa yana kan dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoba na 2022 domin tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, yana cewa zamanin matasa ya zo. Da kuma aka wayi gari ranar 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai Auta ya zo ɗakina yana murna kamar wanda aka yi wa bushara. Ya ce, "Yaya, yanzu kowa zai jingine janareto, layi za a yi mana a ƙofar shago. Jari kawai muke nema."

Kwasar adashina ce ta zo a wannan watan, kuɗin da na ƙulla niyyar buga sabon littafi da su. Na yi shawara da maigida, ya ce kuɗina ne, amma in sani ciniki riba ne da faɗuwa. Na ɗauka duka na damƙa wa Auta. Ku riƙe wannan a ranku, domin duk abin da na yi daga baya, da son ƙanena a ciki, da kuma son kuɗina su dawo.

Wata ɗaya, wata biyu, har wata biyar, shiru kake ji. Layin da za a yi a ƙofar shago ba a yi ba, sai ɗai-ɗaikun masu kawo gyaran fitila mai caji. Ba wai ba sa talla ba ne, suna yi iya ƙarfinsu. Sun buɗe shafi a Facebook da Instagram, sun buga takardun talla masu sheƙi sun rarraba a kasuwar waya ta Farm Centre da mahaɗar Gyaɗi-Gyaɗi da Court Road. Ran nan na aiki yarinya ta sayo min awara, sai ga ta an naɗo min ita a cikin takardar tallan su Auta. Na warware ta, mai ya jiƙa ta sharaf, na zauna ina karantawa. Ni da na gama sakandare, nake rubuta littafi mutane suna saye, wallahi ban fahimci layi uku a ciki ba. Daga sama har ƙasa turanci ne da lambobi da gajerun haruffa, wannan kaza-kaza ne, wancan kaza-kaza ne, babu inda aka ce ga abin da zai yi miki a ɗakinki.

Da daddare na kira shi na ce, "Auta, wa ka rubuta wa wannan takardar?" Ya ce mutane. Na ce, "Waɗanne mutanen? Malaminka na jami'a ka rubuta wa, shi kuwa ba zai saya a wajenka ba." Ya ɓata rai ya ce ai abu mai kyau shi yake sayar da kansa, kuma kayansu sun fi na kasuwa inganci, duk wanda ya san abin zai gane. Na ce to ai matsalar ke nan, wanda ya san abin ba ya bukatarka, wanda yake bukatarka kuma bai san abin ba.

Akwai kuma wani abu da su Auta ba su lura da shi ba, mu mata muka san shi. A unguwa irin tamu, wadda rashin wuta ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ita ce matar da take cikin gida. Maigida ya fita tun safe, yana shago ko ofis ko majalisa yana shan iska. Ita ce da zafi, ita ce da yaro mai ƙuraje, ita ce mai firizar da take sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da lamurje, ita ce wadda miyarta take lalacewa. Sau da yawa ma kuɗin yana hannunta, na sana'a ko na adashi. To amma ita wannan matar, Auta ba ya ganinta. Iyakarsa soro, inda aka rubuta ba a shiga. Ya tsaya ya yi wa maigida bayani na rabin awa da kalmomin makaranta, maigida yana gyaɗa kai don kada a ce bai gane ba, in ya shiga ciki matar ta tambaye shi me yaron ya ce, sai ya ce, "Ya ce da tsada." Magana ta mutu a nan.

Sai na ce su bar min tallan. Ni fa ina ganin na iya, domin mu marubuta masu buga littafi da kuɗinmu babu wanda yake yi mana talla, mu ne marubuta mu ne dillalai. Mun gaji hanyar daga iyayenmu na wannan sana'a da suke kai littafi Kasuwar Sabon Gari, ake karanta shi a rediyo, a yanke labari a daidai inda ya fi daɗi a ce sai a littafi na biyu. Na san yadda ake kama zuciyar mace da kalma. Na zauna dare ɗaya na tsara magana, na ɗauki muryata a waya ta minti biyu, na tura a zaurukan WhatsApp na masu karanta littattafaina da na matan islamiyyarmu da na dangi. Har yau ina tuna abin da na ce, kuma duk lokacin da na tuna sai na ji kunya. Na ce uwargida ki yi bankwana da duhu har abada, na ce rana kyauta ce ba ta kawo bil, na ce komai na gidanki zai tashi dare da rana, ki kunna abin da kika ga dama.

Auta da ya saurara sai ya ɗan yi jim, ya ce, "Yaya, ba komai da komai ba fa." Na ce, "Kai dai yi shiru, talla ke nan, in sun zo ka yi musu bayani." Da ma na saurare shi.

Tallan ya ci. Cikin sati biyu waya ta fara ƙara, suka sami aiki a gidaje shida, abin da ba su samu ba a wata biyar. Ina ta yi wa Auta gori ina cewa da ɗan gari akan ci gari. A cikin waɗanda suka saya har da maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu, mace mai haƙuri, da sana'ar ƙanƙara take riƙe da kuɗin makarantar 'ya'yanta biyar. Ta sayar da tumakinta biyu da keken ɗinkinta, ta haɗa da kwasar adashi, maigidanta ya cika mata. Aka kafa mata faranti 4 a kan rufi, da batir 2 irin na ruwa, da inbata, a watan Nuwamba na 2023. Ranar da aka gama Auta ya tsaya a soro ya yi wa maigidanta bayanin abin da za a kunna da wanda ba za a kunna ba, da irin yarensa. Ya nuna masa ɗan akwatin nan na bango ya ce in lamba ta sauka ƙasa da kaza a rage kaya. Maigida ya gyaɗa kai. Ita kuwa tana ciki, abin da ya shiga kunnenta shi ne muryata: ki kunna abin da kika ga dama.

Sanyi ya shigo. Da asuba, lokacin da batir ya kwana yana aiki ya kusa ƙarewa kuma rana ba ta fito ba, sai a jona hita a dafa wa yara biyar ruwan wanka, a goge kayan makaranta da dutsen guga. Inbata ta yi ta kuka tana ɗaukewa, a kashe a sake kunnawa, a ce halinta ne. Ga ƙurar hunturu ta lulluɓe farantan, babu wanda ya ce musu ana wankewa. Akwatin bango yana ta nuna lamba, babu wanda ya san me take nufi, yaran ma sun ɗauka agogo ne ya lalace.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga watan Maris, cikin zafi, lokacin da mai ƙanƙara take samun cinikin shekara. A sati na farko batiran suka daina riƙe wuta. Da la'asar ta buɗe firiza ta tarar da ruwa tsululu a leda, zoɓo ya yi tsami, ga yara sun yi layi a ƙofar gida da kuloli. Bayan an sha ruwa sai na ji sallamarta. Ta shigo ta zauna a bakin tabarma, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Ƙawata, ni fa ban san ƙanenki ba, ban san sola ba. Ke na sani. Muryarki na ji na sayar da kekena." Ta share ido da gefen mayafi ta tashi ta fita.

'Yan uwa, a daren nan ban runtsa ba. Kafin sati ya zagayo magana ta gama unguwa, a gidan suna, a wajen markaɗe, a islamiyya: sola ƙarya ce, ƙanen marubuciya ya cinye kuɗin Maman 'Yan Biyu. Mutum uku da suka ba da kafin alƙalami suka zo suka karɓi kuɗinsu. Hanyar da tallana ya bi ya shiga gidaje, ita ɓacin sunan ya bi, kuma ya fi tallan gudu. Ɗaya daga cikin abokan Auta ya ce ya gaji, ya tattara ya tafi Abuja neman aikin albashi. Ni da Auta muka yi kwana uku ba ma magana, shi yana cewa bakina ne, ni ina cewa turancinsa ne, alhali kowa da rabonsa a cikin laifin.

Na cire ɗan kunnena na gwal, wanda Hajiyarmu ta saya min lokacin aurena, na aika a kira min Gwaggo dillaliya. Tsohuwa ce da ta fi shekara talatin tana shiga gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka daga Darmanawa har Unguwa Uku, babu gidan da ake rufe mata ƙofa. Ta juya ɗan kunnen ta kalle ni ta ce, "'Yar nan, lafiya?" Na kwashe labari na gaya mata. Ta yi dariya irin ta manya ta ce, "Ke da ƙanenki duk ba ku iya talla ba. Shi ya yi magana ba a ji ba, ke kin yi an ji abin da babu. Ni in na kawo wa mace zane, aibinsa nake fara gaya mata. In ce wannan yana zuba a wankin fari, ki wanke shi shi kaɗai. In ta saya ya zuba, sai ta ce Gwaggo ta faɗa. In ban faɗa ba ya zuba, gidan nan na rasa shi, da gidan uwarta, da gidan ƙanwarta." Ta ƙara da cewa ita ba ta taɓa sayar da abu ta ɓace ba, sai ta koma bayan sati ta ce yaya kayan nan.

Wallahi sai na ji kamar ta watsa min ruwan sanyi. Abin da malamarmu ta islamiyya take nanata mana ke nan, cewa addini ya hana ɓoye aibin kaya a ciniki, amma ban taɓa kawowa ya shafi talla ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Da kuɗin ɗan kunnen muka sayi sababbin batira muka mayar wa Maman 'Yan Biyu kafin azumi ya raba. Sannan na zaunar da Auta na ce, "Yau ni ce ɗalibarka. Ka koya min wannan abu, kuma duk kalmar da Hajiyarmu ba za ta gane ba, ban yarda ka faɗe ta ba." Muka kwana uku muna fama, yana faɗa ina cewa sake. A ƙarshe muka dace da misalin da har yau da shi suke ciniki, ga shi nan ku ma ku riƙe.

Farantin da yake kan rufi ɗan garuwa ne, yana kawo ruwa daga hantsi zuwa la'asar, da magariba ya tashi daga aiki. Batir randa ce, abin da ɗan garuwa ya zuba da rana shi za a sha da dare, ba ta ƙaruwa da kanta. Inbata kuma moɗa ce, ita take ɗebowa ta miƙa wa kayan gida, kuma kowace moɗa da iya abin da take ɗauka a lokaci guda. Kowane kayan wuta da irin shansa, ma'aunin shan kuwa shi ake kira wat, yana rubuce a jikin kayan ko a kwalinsa. Ƙwan fitila na zamani yana shan kamar wat 10, fankar sama kamar wat 70, firiza madaidaiciya kamar wat 150 amma a lokacin da take tashi tana fizgar ninkin haka sau uku ko fiye, dutsen guga kamar wat 1,000, hita kuwa wat 1,500 ko sama da haka. Ke nan hita ɗaya a awa ɗaya tana shanye abin da ƙwai 150 za su sha a wannan awar. Duk abin da aikinsa yin zafi ne, da bokiti yake kamfata, fitila da fanka da cajin waya kuwa da kofi suke sha.

Sai kuma sirrin randar. Batir irin na ruwa ba ya son a shanye shi ƙarƙaf, in ana wuce rabi kullum, wanda ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu cikin watanni, abin da ya sami maƙwabciyata ke nan. Yana kuma son a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba, a ajiye shi inda iska take shiga, domin zafi yana rage masa kwana. Batirin litiyom ya fi jure a sha shi sosai kuma ya fi daɗewa, sai dai ya fi tsada. Faranti kuma in ƙura ta rufe shi, kamar ɗan garuwa ne da jarkokinsa suke yoyo, don haka a lokacin hunturu a wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Mai ƙanƙara ta sa firiza ta yi aikinta da rana lokacin da ɗan garuwa yake kawowa, da dare ta rage buɗe ta. Guga in ya zama dole, a yi shi da tsakar rana.

Da na gama fahimta sai na ce, "Auta, yanzu wannan ne abin da ka kasa faɗa wata biyar?" Ya sosa ƙeya ya ce shi a ganinsa in ya faɗe shi haka za a raina iliminsa. Kun ji fa. Yaranmu da yawa da suka koyi fasaha wannan ce cutarsu, suna tsoron in sun yi magana da Hausar gida za a ce ba su iya ba, alhali wanda ya iya abu da gaske shi ne mai iya bayyana shi ga kakarsa.

Daga nan muka sauya komai. Akwatin bango suka cire masa lamba suka sa masa fitila uku: kore randa a cike, rawaya an kusa rabi a rage kaya, ja a kashe komai sai fitila. Yaro ɗan shekara biyar ma ya gane. Takardar talla muka mayar da ita Hausa, gefe ɗaya hoton abin da zai ɗauka, ɗaya gefen hoton dutsen guga da hita da risho na wuta an ja musu jan layi, ana manna ta kusa da inbata. Suka ɗauki wata 'yar ƙanwar maigidana da ta gama kwalejin kimiyya suka koya mata aikin, ita take shiga cikin gida ta zauna da uwargida ta ƙirga kayan wutarta ɗaya bayan ɗaya kafin a faɗi kuɗi, kuma ita take komawa bayan sati biyu, irin na Gwaggo, ta ce yaya kayan nan. In mace ta ce tana son hita, sai a gaya mata gaskiya cewa kuɗinta ba zai kai ba, ta dafa ruwa a gawayi. Wasu sun fasa saye saboda haka, muka bar su suka tafi.

Ashe ma abin da muka gano da wahala wasu sun daɗe da gano shi. Auta ya ba ni labarin wata ƙungiya mai suna Solar Sister da aka fara a ƙasar Yuganda a 2010, daga baya ta shigo Nijeriya, wadda dukkan tsarinta shi ne mata su sayar wa mata 'yan uwansu fitilun sola a unguwanninsu, domin mace ta fi yarda da wadda ta sani. A Kenya kuma kamfanin M-KOPA ya yi suna da bai wa mutane sola suna biya kaɗan-kaɗan ta waya. Na ce ai wannan dillanci ne da adashi aka sa wa riga. Mu ma sai muka shiga zancen da uwayen adashi biyu, mata goma su haɗu, duk wadda kwasarta ta zo a kafa mata.

Ni kuma na sake ɗaukar muryata na tura a duk inda na tura ta farko. Na ce ni ce na ce muku komai zai tashi, ba haka ba ne, na yi kuskure, ku yafe ni, ga gaskiyar abin. Wannan saƙon ya fi min wuya fiye da rubuta littafi guda. Wasu sun yi min dariya, wata ma ta ce marubuciya dai ba ta rabuwa da ƙirƙira. Na shanye.

Kasuwa ba ta dawo nan da nan ba, domin yarda in ta fashe ba ta ɗinkuwa da wuri. Sai a watan Oktoba na 2024, da manyan layukan wuta suka lalace aka yi fiye da mako guda babu lantarki a Kano da yawancin jihohin Arewa, ga litar fetur ta haura naira 1,000. A layinmu kaf gidan Maman 'Yan Biyu ne kaɗai ake samun ƙanƙara. Mata suka yi ta shiga da wayoyinsu a leda suna roƙon caji. Ina jiyo ta ta katanga tana yi musu bayani da bakinta, tana cewa wannan randa ce, kun ga fitila ta yi rawaya, yanzu sai haƙuri sai gobe da hantsi, kuma kada wadda ta kawo min dutsen guga. Na tsaya a tsakar gida ina saurare har hawaye ya zubo min. Gani ya kori ji. A watan da ya biyo baya su Auta sun yi aikin da ba su taɓa yin irinsa ba, kuma yawancin masu zuwa cewa suke irin na Maman 'Yan Biyu muke so.

Kada ku ɗauka mun yi kuɗi. Har yau jarina bai gama dawowa ba, littafin da na so bugawa ya makara da shekara guda, ɗan kunnena kuwa ya tafi ke nan. Abokin Auta bai dawo ba. Amma shago yana buɗe, ni da maƙwabciyata muna miƙa wa juna abinci ta katanga kamar da, kuma bara ta sake sayen keken ɗinki.

To 'yar uwa, in wani ya zo miki da wani sabon abu na zamani, sola ce, murhu ne, ko wata hanyar ajiyar kuɗi a waya, kada kunya ta hana ki tambaya. Ki ce ya gaya miki da Hausa me zai yi miki. Ki ce ya gaya miki abin da ba zai yi ba, in ya ce babu, ki riƙe kuɗinki. Ki tambaye shi gidan wa ya sa wa a unguwar nan, ki je ki gani da idonki, ki tambayi matar gidan ba mijin ba. Ki tambaye shi in ya lalace wa za ki kira, kuma a ina shagonsa yake. Kada ki bari a gama magana a soro a kan abin da ke za ki yi amfani da shi, da kuɗinki kuma za a saya.

In kuma ke ce mai ɗa ko ƙane ko miji da ya koyi fasaha ya buɗe ɗan kamfani, ko ke kanki ce mai fasahar, domin yanzu 'yan matanmu ma suna karantar waɗannan abubuwa, to ki zaunar da shi ya yi miki bayani har sai kin gane, in ba ki gane ba mai saye ma ba za ta gane ba. In kuma za ki taya shi talla, ki auna kalmarki kamar yadda kike auna gishiri a miya, domin sunanki kike jinginarwa, kuma a unguwa ɗaya za ku ci gaba da zama.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da cin haƙƙin maƙwabci ko da da baki ne, Ya shirya mana zuri'a. Wadda na ɓata wa a cikin wannan al'amari ta yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.